Ƙafa Ɗaya Ta Rage Wa Nomau

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Daga ubanka Isuhu Baduku, nan Dakoro, zuwa ga ɗana Sani, a gidan jinyar kutare da ke bayan Maraɗi.

Ina gaishe ka. Ina roƙon Allah ya sa kun sauka lafiya, kai da Baba Nomau, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta. Uwarka tana gaishe ka. Gaisuwa ta ƙare nan, don raina a ɓace yake kuma ba zan ɓoye maka ba. Kada ka nemi labarin gida a cikin takardar nan, ban sa shi ba. Shofer ɗin kamiyon, direban motar kayan da ya miƙa maka ita, zai ba ka wani ƙunshi. Takalmin Baba Nomau ne a ciki, wanda na ɗinka mashi. Kafin ka karanta saura, tashi ka je ka cire mashi wancan abin da ka sa mashi a ƙafa. Yanzu nake nufi. Takardar za ta jira ka.

Ka dawo? To zauna ka ji.

Na taso daga kasuwar Kornaka da kayan fata bisa jaki, ban ko sauke ba uwarka ta tare ni a ƙofar gida, baki har kunne. Wai ɗanta ya fid da ta kunya. Wai a tasha, gaban jama'a, kafin ku hau kamiyo, ka fito da takalmin soja baƙi ƙirin mai igiya har idon sawu, ka ce kado ne, wato kyauta, ka saya wa Baba Nomau da kuɗin da aka fara ba ka, don kada ya shiga Maraɗi da tsumman fata a ƙafa. Wai mutane sun yi ta sa maka albarka, har wani gardi ya ce ɗan lakwal, mai karatun boko, daban yake. Wai Nomau har da hawaye. Tsumman fata, Sani! Abin da na zauna na jiƙa da mai, na murza, na ɗinka ba ƙusa ko ɗaya, shi ne tsumma a bakinka.

Na shiga zaure na tarar da takalmin nawa an rataye shi a bango, a ƙasa kuma ga warin naka, na hagu. Ka sayo takalmi biyu wa mutum mai ƙafa ɗaya, ka bar guda a gida. To wannan wautar ce ta yi mana rana. Na ɗauke shi na zura hannu ciki, da na zaro sai ga jini a yatsata. Kan ƙusa ne a wajen diddige, ya huda fatar ciki ya leƙo. Ban da shi, ga ɗinki mai tauri a wurin yatsu, ko ƙafar mai lafiya sai ya saɓule ta. In na hagu haka yake, na dama da ke ƙafar Nomau wa ya duba shi? Ka zura hannu? Ba ka zura ba. Na sani sarai, don kai ɗana ne, ni ma a lokacina ban zura ba.

Kai da za ka yi aikin kutare, ka san ƙafarsu ba ta jin ciwo. Ni in ƙaya ta soke ni zan yi tsalle in zagi ƙayar in cire. Shi kuwa sai ya wuni yana takawa a kan ƙusa yana raha, sai wari ne zai gaya mashi. Wannan ka sha ji a bakina tun kana yaro. Ka kuma san a gutsure cewa takalmina ne ya ci ƙafarsa ta hagu, don a Dakoro ba wanda bai sani ba. Amma ban taɓa zaunar da kai na faɗa maka daga tushe ba, kunya ta hana ni. Ga abin da kunyar ta jawo. Yau za ka ji shi duka, ko ka so ko ka ƙi.

Shekarar da aka kama ka lakwal, wata Madam ta zo daga Maraɗi. Ita da wasu matan Nasara suna da ƙungiya, suna tara kuɗi can ƙasarsu don kutare da makafi da guragu. Ta ga kutaren bayan kasuwa suna yawo ba takalmi, ƙarangiya duk ta cika masu ƙafa, ta ce a nemo baduku. Aka kawo ni. Tafinta ya ce tana son takalmi ga kowane ɗayansu, kuma a gama kafin ranar bikinsu na damina, don a ranar za a raba. Kada ka ce matar nan muguwa ce. Na ga idonta, tausayi ne ya kama ta da gaske. Abin da ba ta sani ba, ba ta sani ba. Ni ne mai sana'a.

Kuskurena na fari, ban auna ƙafa ko ɗaya ba. Tsoro nake ji. Na je unguwarsu na tsaya daga nesa, hannuna a cikin riga, na ce kowa ya miƙo ƙafa in gani. Na duba da ido na ce na gane. Ubana da ya koya mini dukanci, da yana raye da ya kwaɗa mini mari, don ko ɗan sarki bai taɓa yanka wa fata ba sai ya dafa ƙafarsa ya zana. Na dawo na yanka su kusan kai ɗaya, manya da matsakaita. Da na ga rana tana matsowa ɗinki ba zai kai ni ba, sai na sayo ƙananan ƙusoshi na yi ta bugawa. Na ce a raina, ai kutare ne, ba su saba da takalmi ba, kowane iri suka samu sun gode Allah. Haka na faɗa, Sani. Ka ji irin uban da ya haife ka.

Don haka ina gaya maka, wannan aiki da ka shiga da hannu ake yin shi. An ce za su ba ka farar riga, su koya maka wanke miki da rabon ƙwayar maganin nan sabuwa, nan gaba har ka riƙa zagaya ƙauyuka kana nemo masu ciwo. Madalla. Wallahi na fi son ganinka a nan bisa ka zauna a buro, ofishin gwamnati, kana rubuta sunan waɗanda ba su biya haraji ba. Amma in za ka tsaya daga nesa kana nuni da baki, dawo gida, ga fata nan tana jira. Uwarka ta ce da ka kawo takalmin ajiye shi ka yi a ƙasa gabansa, ɗiyarsa Hajo ce ta durƙusa ta ɗaura mashi. Mutumin da ya goya ka a kan jakinsa, ka kasa taɓa ƙafarsa! Ka wanke hannu bayan ka taɓa, ba wanda ya hana, likita ma yana wankewa. Amma ka taɓa tukuna.

Ranar rabo aka jera su a gaban bariki. Aka yi ta kiran su ɗaya ɗaya, Madam tana miƙawa, ana tafi. Aka nuna ni aka ce ga badukun da ya yi aikin, har Kumandan, Baturen mulki, ya ɗaga mini kai. Na kumbura kamar kwaɗo. Nomau a lokacin ƙato ne, manomi sosai, ciwon bai fi cin yatsun hannunsa biyu ba. Ya karɓi nasa ya rungume, ya biyo ni har rumfa yana cewa, "Baduku, Allah ya biya ka. Tun da ciwon nan ya kama ni ba wanda ya yi mini abu don ni." Na ce ba komai, ba komai, ina jin daɗi har cikin ƙashi. Washegari ya sa takalmin ya taka zuwa Birnin Lalle, don 'yan'uwansa su gani.

Bayan ya dawo na sha gamuwa da shi a kasuwa. Kullum sai in tambaya, "Yaya takalmi?" Kullum sai ya ce, "Ai sai godiya." In wuce ina murmushi. Ashe tun a hanyar Birnin Lalle ya ga jini a ciki. Ya wanke ya mayar. Ya ga ƙafa ta kumbura, ya cusa tsumma ya mayar. Da abin ya ƙazanta har ba a iya zama kusa da shi, aka aza shi bisa amalanke zuwa wurin likita, daga nan Maraɗi. Ya dawo da sanda a hammata. Na je gaishe shi, na kasa haɗa ido da shi, na ce, "Haba Nomau, me ya hana ka cirewa tun da ka ga jini?" Ya dube ni ya ce, "In cire ka gan ni ba shi, ka ce na raina kyautarka? In Madam ta dawo ta gan ni ƙafa tsirara, wa zai sake ba ni wani abu?"

Ka ji kuskure na biyu. Na ɗauki godiya na mai da ta shaida. Sani, wanda aka ba kyauta an ɗaure mashi baki. Ba zai ce maka ta matse shi ba, ba zai ce ba ita yake so ba, don yana tsoron gobe. A wannan aikin naka za ka sha godiya har ta ishe ka. Tsofaffi sa'o'in kakanka za su durƙusa maka don ƙwaya biyu. Kada ta hau maka kai, kuma kada ka yarda da ita. In mutum ya ce maka sai godiya, ce mashi ya zauna ka duba. Kuma abin da ke ci mini rai yanzu ke nan: Nomau ba zai cire naka ba. Na san shi. In na Madam ya kasa cirewa, balle na yaron da ya yi wa wasa yana ƙarami, wanda aka ba shi gaban duk tasha? Zai kwana da shi in ka bar shi. Kai ka ɗaura mashi wannan nauyi, kai za ka sauke. Kuma kada ka ce mashi Baba ne ya ce. Ka ce kai ka yi kuskure, da bakinka, don ya samu ya cire ba tare da ya ji ya ci maka fuska ba.

Na uku ya fi ba ni haushi, don shi ba tsoro ba ne na ciwo, tsoron mutum ne. Da shekara ta zagayo Madam ta dawo. Aka kira ni. Tafinta ya ce tana tambaya yaya takalman bara. Ga ni tsaye, hula a hannu, Nomau yana can bayan kasuwa da dungu. Ka san abin da na ce? Na ce lafiya lau, kowa yana godiya. Tafinta ya san gaskiya, ya kalle ni, ya juya ya faɗa mata lafiya lau da harshensu. Ta yi murna, ta ce a ƙara wasu. Na ce ni ba zan iya ba bana, ido yana damuna. Na fito ina jin kamar na yi abin kirki, tun da na tsame hannuna. Suka ba wani baduku. Shi ma aka ba shi rana, shi ma ya buga ƙusa. Mata biyu na sani da suka rasa yatsun ƙafa a wannan shekara, ɗaya ma ta rasu kafin rani.

Tir da ni. Da na buɗe baki na ce, "Madam, takalmin nan ya yanke ƙafar mutum, a bar ƙusa, a bar sa rana, a bar ni in auna kowa," me za ta yi mini? Ta kore ni? Ai ni na kori kaina. Kuma ina jin da ta saurara, don ba don ta cuce su ta baro ƙasarta ba. To kai ka fi ni, kana jin harshensu, ba ka buƙatar tafinta. Waɗanda suka ɗauke ka aiki da kuɗin mutane suke yi, kuma masu ba da kuɗi labari mai daɗi suke son ji. Za a zo ranar da za a tambaye ka yaya abin da muka aiko, kai kuwa ka san bai yi ba. Za ka ji harshenka yana son cewa lafiya lau, don kada a ce yaron nan ba shi da ladabi, don kada a fasa ƙara maka girma. Ka faɗi gaskiya cikin ladabi, amma ka faɗa. In ka yi shiru ba kai za ka biya ba, wani ne can da ba ka ko san sunansa ba.

Sai kuma na huɗu, wanda ba za ka taɓa zaton kuskure ba ne, don kai ka tashi ka gan shi kana tsammani alheri ne. Da abin ya dame ni na je na ɗauko Nomau na kawo shi zaurenmu. Maƙwabta suka yi ta surutu, wasu suka daina kawo mini gyaran sirdi, ban kula ba. Na ce daga yau ba zai sake wahala ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, in riga shi. Ya ce zai leƙa kasuwa, in ce me kake so a sayo maka. Gonarsa na sa aka nome ta ba tare da na tambaye shi ba, na zuba hatsin a rumbuna na ce ai duk ɗaya ne. Duk baƙon da ya zo sai na nuna mashi Nomau, in ce ga amanar da nake riƙo. Mutane suna cewa Isuhu mai tsoron Allah ne. Ni kuwa ina wanke kaina ne da shi, ban sani ba.

Rannan uwarka ta aiko da fura, na dama mashi da kaina na kai har bakinsa. Ya sa hannu ya make ƙwaryar ta kife a kan fatun da nake aiki. Ban taɓa ganin fushinsa ba sai ran nan. Ya ce, "Isuhu, ƙafa ɗaya ka cire mini da ƙusa, ban ce maka uffan ba, don na san ba da gangan ka yi ba. Amma wannan da kake yi da gangan ne. Ka mai da ni tunkiyar layya, a ba ni dusa a nuna wa baƙi. Ina hatsina? Wa ya ce ka taɓa mini gona? Ni ba matacce ba ne!" Na tashi zan yi faɗa, in ce duk abin da na yi maka. Kalmar tana bakina na haɗiye ta, don na ji muninta.

Na ce to me kake so? Ka lura, Sani, tun ranar da na fara ganinsa sai ran nan na yi mashi wannan tambaya. Ya ce abu uku. A mayar mashi da hatsinsa ya sayi jaki. A bar shi ya je inda ya ga dama. Kuma in yi mashi takalmi na gaskiya wa ƙafar da ta rage. Na zauna a ƙasa na ɗora ƙafar a cinyata, na zana ta. Shi ya nuna mini inda ƙashi ya turo, shi ya ce a sa fata mai laushi ninki biyu a nan, a bar sarari a can. Daga nan sauran kutaren suka fara zuwa, na zama badukunsu har yau, mai hali ya biya, maras hali ya kawo kara ko igiya. Jakin da ka sha hawa kana yaro shi ne wannan. Kuma tun daga ranar, kowace safiya kafin ya sa takalmi sai na zura hannu ciki na lalube shi, kowace yamma sai na duba tafin ƙafarsa. Shekarun nan duka ƙafar nan ba ta taɓa fashewa ba.

To ka bar ganin tausayi kamar ba ya cutarwa. Mutanen da za ka tarar can, kuturu da makaho da gurgu, kowane yana da sana'arsa da fushinsa da abin da ya iya kafin ka zo duniya. Ka tambaye su kafin ka yi masu. Abin da mutum zai iya da kansa, ka janye hannunka ko da zai daɗe yana yi. Kada ka nuna su ga baƙi kamar kayan rumfa. In aka ce a jera su don masu ba da kuɗi su gani, ka je ka nemi izininsu ɗaya ɗaya, wanda ya ce a'a ka bar shi a ɗakinsa. Kuma kalmar nan, duk abin da na yi maka, ranar da ka ji ta taso maka, ka fita ka sha iska.

Da aka ce akwai sabon magani a Maraɗi mai tsayar da ciwon, Nomau bai so tafiya ba. Ya ce wa zai duba mashi ƙafa a can? Ni na lallashe shi. Na ce ga Sani ya samu aiki a wurin, ɗanka ne, a hannunsa kake. Ya ce, "To in Sani ne, na yarda." Ni na ce ba sai kun jira ni na dawo daga Kornaka ba, tun da kamiyo ba kullum yake samuwa ba. Da bakina na ba da shi. Ban yi nisa ba ka sa mashi ƙusa a diddige, aka yi maka tafi. Ina rubutun nan cike da haushi, rabi naka, rabi nawa. Uwarka ta ce in sassauta, yaro ne, da kyakkyawar niyya ya yi. Na ce mata ni ma da kyakkyawar niyya na yi, Madam ma haka, ta je ta tambayi ƙafar hagu ko niyya ta amfane ta.

Ga abin da za ka yi. In ka cire takalmin, ka zaunar da shi wurin haske, ka wanke ƙafar da ruwan da ka gwada da hannunka, don shi ba zai ji zafinsa ba. Ka duba diddige, ka duba tsakanin yatsu, ka latsa ka ga ko akwai wurin da ya fi ɗumi. Ka sa hanci ka sansana, kada ka ji ƙyama. Zai ce maka lafiya lau, zai ja ƙafa yana dariya yana cewa ɗan lakwal ya zama baduku. Kada ka saki. In ka ga ko ɗan ja ne, kada ya taka ƙasa, ka ɗauke shi a bayanka zuwa wurin likita, ka ce mashi ga abin da ya faru, kuma ni na jawo. Kada ka ce hanya ce. In babu komai, to Allah ya rufa mana asiri, ka sa mashi nawa, kuma daga gobe kai ne mai zura hannu kowace safiya. Takalmin sojan kuwa, ka ba mai jin ciwo, bayan ka buge ƙusar.

Ka maido mini da amsa ta hannun shofer ɗin nan, kada ka bari sai wani jiƙo. Ka rubuta abin da idonka ya gani. In ƙafar ta fashe ka ce ta fashe. Ba zan tsine maka ba, ba ni da bakin yin haka. Zan ɗaure kayan aikina in hau kamiyo in zo mu yi jinyarta tare. Amma in ka rubuto mini lafiya lau alhali ba haka ba ne, Sani, wannan kam ban san yadda za mu ƙare da kai ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Jiya Hajo ta zo da gorar iri a hannu, ta ce babanta ya bar mata saƙo kafin ku tafi: kowa ya shuka tasa, amma kada a taɓa gonarsa. Ya ce zai nemi izini ya zo da ruwan fari, a sara mashi rami ya zuba iri, ya dogara da sanda ya rufe da diddigensa, kamar yadda yake yi kowace shekara. Ta ce, "Baba Isuhu, in ruwa ya sauka bai zo ba, in shuka?" Ba ta san abin da na tarar a cikin takalmin ba, ita da ta ɗaura mashi da hannunta. Na kasa gaya mata. Na ce ta ajiye irin, ubanta yana nan tafe.

Allah ya tsare ka, ya tsare wanda ke hannunka. Allah ya sa ka fi ubanka hankali tun da sauran ƙuruciyarka, ya ba ka haƙurin aikin da ka ɗauka, ya raba ka da son yabo. Allah ya dawo mini da ku biyu ina da rai. Ina fushi da kai, kuma kai ɗana ne, duka biyun gaskiya ne.

Ka gaishe mini da Nomau. Ka ce mashi irinsa yana nan, ba wanda ya taɓa.

Ubanka,
Isuhu.